Turaku Uku a Kwarin Gawasa

Rana ba ta gama ɗagawa ba aka tsinci Dodo kwance a bakin Kwarin Gawasa, fuska a ƙasa, ƙeya a fashe. Wata tsohuwa mai tsintar itace, Kaltuma, ita ce ta kwarma ihu. Kafin a tuna da aika wa Mai Nasara, rabin gari ya zo ya tattake wurin, an ciccibi Dodo za a kai shi asibiti, an haye korama da shi a kafaɗa, don ruwan da aka yi jiya ya cika ta har mota ba ta iya ƙetarewa. Yana numfashi, amma bai san wanda ke kansa ba.

Dodo shi ne gardin kwarin, wato mai gadinsa. Bara aka haɗe ƙauyen Gawasa da birnin Damagaram, aka haɗa har da kwarin, da tabkinsa da duwatsunsa da itatuwan gawasa da goruba, wurin da tun kaka da kakanni babu mai cewa nasa ne. Meri, wato hukumar birnin, ta aiko masu awo suka kewaye shi da gajerun turakun siminti, waɗanda ake ce wa borni, suka kafa allo: fili ne na jama'a, ba gini, ba noma, ba haƙa, ba sara. Abin da ya faɗa wajen turakun kuwa aka yayyanka shi parsel-parsel na gina gidaje, masu hali suka saya. Tun daga ranar mutanen Gawasa suka fara kallon juna ta gefen ido.

Mai Nasara ya haura sittin. Mai bin sawu ne, ya taɓa bin raƙumin sata kwana huɗu daga Dakusa har ya kamo shi a bakin rijiya. Da kwalta da babura suka yi yawa aikin ya ja baya, sai dai akuya in ta ɓata. Ya iso ƙofar gidan mai gari Abdulmumin, wanda takardar meri ta mayar mai unguwa amma ba wanda bakinsa ya saba, ya tarar da maza cike da fili suna hayaniya. Mutum ɗaya ne bai buɗe baki ba: Abba, yayan Dodo, yana zaune bisa dakali, adda a kan cinya, bidon man fetur tsakanin ƙafafu. Shirun nan nasa ya fi ihun sauran tayar wa Mai Nasara hankali.

"Ranka ya daɗe, wa aka rufe a ciki?"

"Ɗan'auta mai tubali," in ji mai gari, yana share gumi. "Da ban ja shi zaure ba, da yanzu wata magana ake. Shekaranjiya a ƙofar masallaci ya ce in Dodo ya sake hana shi ɗibar laka a tabki sai ya fasa masa kai. Kowa ya ji. Ga sawun takalmin taya a wurin, irin nasa. An kuma tsige borni har uku an canza musu wuri."

"Takalmin taya ai ni ma shi ne a ƙafata. Hukuma fa?"

"Na kira polis. Sun ce sai ruwa ya janye motarsu za ta haye, wajen la'asar."

Mai Nasara ya je ya tsuguna gaban Abba, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Abba, ka ba ni zuwa la'asar."

Abba bai ɗago ba. "Baba, in Dodo ya tashi, ka ɗauki har gobe. In bai tashi ba, ban yi maka alkawarin komai ba."

*

A kwari bai ɓata lokaci wajen jinin ba, don sawu ya fi ɗari a can. Ya yi nisa, ya riƙa kewayawa a hankali, hannu a baya, har ya samo ramukan da aka tsige turakun. Na farko bakinsa ya zube, ruwa ya dake shi sau biyu. Na biyu sau ɗaya. Na uku sabo ne fil, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ke nan ba rana ɗaya aka yi aikin ba. Mai shi yana zuwa ne ya ɗauki ɗaya, ya huta, wata rana ya dawo.

Ya taka daga tsohon rami zuwa inda turken yake yanzu. Taki arba'in. Ya tsaya, ya waiga, ya sake takawa, don bai yarda da ƙafarsa ba. Duk gari suna cewa an matsar da borni ne don a gutsiri kwarin. Amma mai gutsira ciki yake turawa. Waɗannan waje aka kai su. Filin jama'a ƙaruwa ya yi, ya haɗiye wata tsohuwar tsamiya da a da take cikin parsel ɗin wani. Wane irin ɓarawo ne zai sato fili ya kai wa hukuma?

Ya durƙusa gindin turke na uku, taki biyar daga inda Dodo ya faɗi, ya tona ƙasar da yatsa. Ƙasa da inda ido ke gani, simintin ya yi baƙi-baƙi, da 'yan gashi manne. Ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta. Turken ne ya fasa kan Dodo, kuma bayan an fasa ne aka dasa shi. Mutum yana kwance nan yana zubar da jini, wani ya tsaya ya daidaita turke, ya mayar da ƙasa, ya daddanne ta da ƙafa. Duk ɓarayin da ya bi a rayuwarsa, in suka zubar da jini gudu suke yi. Wannan bai gudu ba.

Tsakanin wasu duwatsu biyu, inda taro bai bi ba, ya sami sawu bakwai lafiyayyu. Takalmin taya ne, babba. Amma gaban ya nutse, diddige yana ja, alamar ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Takin gajere ne, a miƙe kamar an ja zare, dama da hagu zurfinsu ɗaya.

*

Ɗan'auta ƙato ne, ya kai arba'in da biyar, amma a kusurwar ɗakin ajiyar mai gari ya ƙanƙame jikinsa kamar mai jin sanyi. Leɓensa ya kumbura.

"Baba, na faɗa, ban musa ba. Shekara ashirin lakar nan ke ciyar da gidana. Rana ɗaya aka ba Dodo hula da usur, Dodon da muka yi kiwo tare, ya dube ni ya ce an hana. Bakina ya faɗa. Amma wallahi tun asuba ina kan ɗakina ina toshe yoyo."

"Wa ya gan ka?"

"Matata."

"Shaidarta ba za ta shiga kunnen Abba ba. Tashi ka ɗauki buhun nan ka kai ƙofa."

Ɗan'auta ya dube shi da mamaki, ya tashi, ya fizgi buhun gero ya wurga a kafaɗar dama, ya taka. Mai Nasara ya dubi ƙasar ɗakin. Ƙafar dama ta fi nutsewa, takin a buɗe, takalmin ya cika taf.

"Ba ka ɗaukar kaya a kai?"

"Tun da na faɗo daga gini wuyana ba ya ɗauka. Baba, wancan warin da nake ji, fetur ne?"

Mai Nasara ya sake duban sawun. Ya san ba wannan ne mai sawun ba, don wancan a kai ya ɗauko kayansa. Ya kuma san in ya fita ya ce wa mutum ɗari masu zafin kai zurfin dama da hagu ba ɗaya ba ne, dariya ma ba za su yi ba. Suna son suna ne. In bai ba su wani ba, wannan za su riƙe.

*

Parsel ɗin tsamiya na Alhaji Jamilu ne, Bakano mai sayar da atamfa a Kasuwar Dole. Ya kwana a Gawasa saboda ruwa, kuma tuni wasu suka fara cewa a dubi baƙo ma. Mai Nasara ya same shi tsaye kusa da tulin yashinsa, salula a hannu, yana ta kira ba a ɗauka.

"Malam, ni fa aka cuta! Dubi nan. Rubu'in filina ya koma na gwamnati ina barci. In ni ne zan taɓa borni, ai ba ta nan zan tura ba, ko mahaukaci ne ni?"

"Yaushe ka lura?"

"Ran Lahadi na ga ɗaya ya yi tafiya. Talata na biyu. Na samu Dodo na ce, kai ne gardi, ka riƙa fitowa da sassafe ka kama mai shi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na sa shi fitowa. Don Allah kar ka faɗa wa yayansa."

"Kafin Lahadi, me ya faru?"

"Babu. Ran Juma'a dai na nemi masu sara, na ce Alhamis, gobe ke nan, za a kayar da tsamiyar nan in fara tona gini. Har na aika a gaya wa matan gari su zo su kwashi rassa kyauta. Ka ga laifi a nan?"

Mai Nasara ya ɗaga kai ya dubi tsamiyar. Ba a cin 'ya'yanta, tsami ya yi musu yawa. Ba a taɓa jin an ce da iskoki a jikinta ba. Ya kasa tuna mutum ɗaya a Gawasa da zai ɗauki simintin da ya kai nauyin tulu cike da ruwa saboda ita.

*

Ya biya wajen Kaltuma, tun da ita ta fara ganin Dodo. Mijinta, marigayi Khalid, abokinsa ne na ƙuruciya, don haka da sallama kawai ya shiga. Tana zaune tana tsince wake. Da za ta dube shi, ba wuya ta juya ba, duk jikin ta juyo.

"Mai Nasara. Yau ba akuya ba ce."

"Ba akuya ba ce, Kaltuma. Me kika gani?"

"Abin da kowa ya gani. Na fita itace, na gan shi kwance, na yi ihu."

"Ba ki haɗu da kowa a hanya ba?"

"Ba kowa." Ta ci gaba da tsinta. "Ya farka?"

"Tukuna. In ya farka ai ya hutar da ni."

"Allah ya tashe shi. Yaron kirki ne, yana gaishe ni." Ta jefar da tsakuwa gefe. "Ɗan'auta fa? Hukuma za a ba, ko? Su bincika su sake shi."

"Abba yana zaune da fetur a ƙofar mai gari."

Hannunta ya tsaya cikin waken. Ya jira. Sai ta tura masa kwanon ruwa da ƙafa. Ya sha, ya yi godiya, ya fita yana ganin tsufa ne da firgita.

*

Bayan azahar ya koma kwari, don ba shi da wani wurin komawa. Yana isa tsamiyar ya ji kuka ya tashi daga cikin gari, muryar mace ɗaya, sai biyu, sai gida guda. An bugo daga asibiti ke nan, Dodo ya cika. Ya zauna a gindin itacen. Ya san yanzu mai gari da liman ne kaɗai tsakanin Abba da ƙofar nan, kuma dukansu tsofaffi ne.

Da ya dafa ƙasa zai tashi, sai ya ji ta sumul a tafin hannunsa. Damina ce, ko'ina ƙarangiya da tsidau, amma nan, gabas da gindin, akwai wani ɗan wuri kamar tsawon tabarmar yaro da babu ko tsinke. Ba hauya ta nome shi ba, da hannu ake cire ciyawar tun tana ƙarama. Ƙasar ta yi tauri ta yi kwarmi biyu a gefe, irin wanda gwiwa ke yi in ta shekara da shekaru tana sauka wuri ɗaya. A kai da ƙafa an kafa tsingaro biyu, sun nutse har sun kusa ɓacewa.

Wani yana kula da kabari a nan. Amma Mai Nasara ya san babu kabari a nan.

Ya sani ne don yana cikin waɗanda suka yi tonon. Shekarar sanƙarau, shekara talatin da suka wuce, Gawasa ta rasa yara goma sha ɗaya cikin mako biyu. An ce kada a ratsa gari da su zuwa maƙabarta, sai aka riƙa fitowa da su ta baya zuwa kwari. A inuwar tsamiyar nan ake yi musu salla. Amma saiwa da marmara sun hana tono, don haka in an sallame sai a gangara da su ta wani lungu zuwa bayan babban dutse, inda rairayi ke da laushi. Duk namijin da ya kai hankali a lokacin ya san haka.

Ya miƙe ya dubi gari. Daga nan ana hango danga da katangun bayan gidaje sarai. Wanda ya leƙo daga can zai ga maza sun taru a ƙarƙashin tsamiya, ya ga sun yi sahu, ya ga sun sunkuya sun ɗauki abu, sannan gangare ya ɓoye su. Ba zai ga lungun ba. Mata ba sa bin gawa, leƙe kawai suke yi ta danga.

Iyayen yaran nan mata, huɗu suka rage da rai. Ɗaya ce yau ta ce ta fita itace, kuma duk kewayen da ya yi bai ga ƙullin itace ko igiyar ɗauri a yashe ba. Ita ce kuma ba ta iya juya wuyanta. Yaron Khalid da ya rasu a shekarar ɗan fari ne. Ɗan fari kuwa uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kuka a kansa gaban mutane, balle ta buɗe baki ta tambayi maza inda suka sa shi.

Ya so ƙwarai a ce kuskure ya yi. Ya tsaya yana auna abin: in ya je ya same ta ita kaɗai ta musa, ba shi da lokacin dawowa. In ya faɗi sunanta a ƙofar mai gari, addar Abba gidanta za ta nufa, ko kuma a ce yana kare Ɗan'auta ne da tsohuwa. Hanya ɗaya ta rage, kuma bai taɓa yin abu mai muni kamarta ba.

*

Ya tarar an fara dukan ƙofar zauren da gungume. Ya kutsa har gaban Abba.

"Na gama, Abba. Ƙasa ta faɗi mai shi."

"Ni ma na gama jira, Baba. Matsa."

"Fito da shi a ɗaure. Riƙe addarka. Mu je gindin tsamiya, maza da mata, kowa ya gani da idonsa. In ƙasa ta nuna Ɗan'auta, ba zan sake buɗe baki ba. Amma in wani ta nuna, ka dafa Alƙur'ani gaban liman cewa hukuma za ka bar wa shi, ko wane ne."

"Ka san abin da kake faɗa kuwa?" in ji mai gari a kunnensa. "In ka kasa fa?"

Abba ya dubi Mai Nasara da jajayen idanu. Ya tabbata Ɗan'auta ne, don haka rantsuwar ba ta yi masa nauyi ba. Ya yi alwala, ya dafa.

Aka taru a inuwar tsamiya, maza a gaba, mata can baya sun yi cincirindo. Ɗan'auta yana durƙushe, hannu a ɗaure ta baya. Alhaji Jamilu ya raɓe kusa da liman. Mai Nasara bai yarda ya dubi wajen mata ba.

Ya nuna musu tsoffin ramukan, ya sa mai gari ya taka da kansa, kowa ya ga waje aka kai turakun. Ya ce, "Ɗan'auta laka yake so. In fili ya ƙaru, hani ne ya ƙaru a kansa. Alhaji kuwa filinsa ne ya ragu. Wanda ya yi wannan ba ƙasa yake nema ba. Tsamiyar nan yake so ta shiga inda ba a sara, ba a tona, tun da ya ji gobe za a tone gindinta."

"Tsamiya!" wani ya ce. "A kashe mutum don tsamiya?"

"Don abin da yake tsammani yana ƙarƙashinta." Ya nuna ɗan wurin da aka share, da tsingaron biyu. Hayaniyar ta mutu. Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Ranka ya daɗe, yaran shekarar sanƙarau, ina muka sa su?"

Mai gari ya nuna da sanda. "Bayan dutse."

"Liman?"

"Bayan dutse. A nan salla kawai muka yi."

"Abba, ƙanwarka tana cikinsu. Kana da wayo a lokacin."

Abba ya ce, "Bayan dutse."

"Ɗan'auta?"

"Ni na riƙa ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa," in ji Ɗan'auta, yana nuni da haɓa. "Can ne. Nan ko diga ba ta shiga."

"To kun ji. Babu kowa a gindin tsamiyar nan. Ba a taɓa sa kowa ba."

"Ƙarya ne."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma kowa ya ji. Mata suka dare. Kaltuma ta fito, tana tafiya da sandararren wuya, har ta zo ta tsaya kan ɗan wurin nan.

"Ƙarya kuke. Da idona na gan ku. Ina bayan danga na ga Malam, maigidana, ya rungumo shi a tabarma, kun tsaya nan, kun sunkuya nan. Mai Nasara, kai ne a damansa. Ka ji tsoron Allah."

"Ni ne a damansa, Kaltuma. Sunkuyawar ɗauka ce kika gani."

Ta dubi mai gari, ta dubi liman. Duk suka sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallon tsingaron, sannan ta fara magana kamar mai ba da labarin wani.

"Da na ji za a tona, na rasa wanda zan gaya wa. Me zan ce? In ce wa? Sai na sa takalmin Malam saboda ƙaya. Biyu na kai lafiya. Yau ina ɗauke da na uku sai ga Dodo. Ya ce, Inna, ashe ke ce? Sauke, sauke kar ki karye. Ya sunkuya zai karɓi hauyar da ke hannuna, na ja baya, abin ya zame daga kaina."

Abba ya tako. Ya ce, "Da rai kika gan shi?"

"Yana numfashi."

"Sai kika yi ihu."

"A'a." Ba ta kauce wa idonsa ba. "Na ce in mutane suka zo ba za su bar ni in dasa ba. Na ce bari in dasa tukuna. Ban san ya ɗauki lokaci haka ba, ƙasar tana da tauri."

Addar ta tashi sama. Mata suka yi kururuwa. Mai Nasara ya samu kansa tsaye a tsakani, bai san lokacin da ya taka ba, yana kallon bakin ƙarfen. Liman ya ce, "Abba, ka dafa." Sau ɗaya ya faɗa. Sai Abba ya juya ya kafta addar a jikin tsamiya har ta maƙale, ya durƙusa ya rufe fuska da riga.

Mai gari ya kwance Ɗan'auta da kansa, yana cewa a yi haƙuri. Ɗan'auta ya miƙe yana murza wuyan hannu. Ya dubi mutanen da suka daki ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan Kaltuma ya tsaya.

"Inna, tun safe kin san ina ciki."

"Da na fito, ɗana. Da na ji an ɓalle ƙofar da na fito."

Ɗan'auta ya juya mata baya. Ya ratsa taron ya nufi gida, aka buɗe masa hanya. Mai Nasara ya bi shi da kallo, yana tambayar kansa ko da ta fito ɗin. Ya ga alama ita ma ba ta sani ba.

Wani ya ce ruwa ya janye, ga mota can ta fara gangarowa korama. Kaltuma ta matso kusa da shi.

"Kafin su iso, kai ni."

Mata ba sa zuwa kabari, amma liman bai hana ba. Mai Nasara ya wuce gaba, ta bi shi, ba wanda ya biyo su. Suka wuce tsohon ramin turke na uku, suka gangara lungun, suka ɓullo bayan dutse. Rairayi ne fari da 'yan gorubai, kabarurrukan sun kwanta har sai wanda ya sani zai gane.

"Na uku daga jikin dutse," in ji shi. "Ni na karɓe shi daga hannun Khalid."

Ba ta matsa ba. Ta juyo da jikinta duka, ta dubi hanyar da suka biyo, ta dubi inda layin turakun yake tun asali, can bayansu.

"Nan ciki ne ko waje?"

"Ciki ne."

"Tun da masu awo suka zo?"

"Tun ranar. Ba mai gini a nan, ba mai tono."

Ta gyaɗa kai a hankali, gwargwadon yadda wuyan ya bari. Daga nesa aka ji mota ta yi oda a bakin gari.

"Shekara talatin ina gaishe da tsamiya," ta ce. "Wannan na ɗauka, tsakanina da Allah ne. Amma Dodo fa, Mai Nasara? In suka tambaye ni a kan me, me zan ce musu?"

Ya dubi ƙasa, kamar yadda ya saba in an yi masa tambaya. Babu komai a kanta sai sawunsu su biyu.